Hadda ta kai ni jami'a, fizikal kemistiri ya tare ni a ƙofa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce, shekarata 20, ina aji biyu a sashen kemistiri na wata jami'a a nan Kumasi. Gidanmu yana Aboabo. Tunda nake ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na sauke Alƙur'ani ina da shekara 14, a jarrabawar gama sakandare ta WASSCE kuma A1 na ci a kemistiri. Wannan zangon aka fara mana fizikal kemistiri. Fomula sun fi arba'in da na haddace, na rubuta su a kwali na manna a bangon ɗaki, amma da aka yi jarrabawar tsakiyar zango 7 na ci cikin 30. Tambayoyin kamar daga wani littafi dabam aka ɗauko su. Babbar jarrabawa saura mako biyar, maki 70 ce, kuma sai mutum ya haɗa 40 gaba ɗaya zai tsira daga tirel, wato faɗuwa kwas har sai an sake rubuta shi. Mma waakye take sayarwa, wato shinkafa da wake, ƙarfe uku na dare muke tashi, kafin in kama trotro biyu, ƙananan motocin haya, in isa aji ya riga ya cika, sai can baya nake samun wuri. Baba direban babbar mota ne tsakanin Kumasi da Bawku, shi ke biyan kuɗin makarantata, kuma Dokta yake ce mini a gaban kowa. Ban gaya musu ba. Ƙanwar Mma ta ga na rame ta ce bakin mutane ne. Ni kuwa gani nake kaina ne ya kai iyakarsa. In nemi canjin kwas ne? Kuma yaya zan yi da Baba?

Wata 'yarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Da na zo wurin kwalin nan na bango sai da na ajiye wasiƙarki na yi dariya, amma kaina nake wa. Ni ma na yi kwali, nawa har da biro kala uku. Shekaru da dama kafin in shiga koyar da kemistiri a sakandare, ina ɗaliba kamarki, aka ba mu wata tambaya mai sauƙi. An ce narkar da mol ɗaya na ƙanƙara yana cin kilojul 6.01, entirofinsa kuma yana ƙaruwa da jul 22.0 a kowane Kelvin, to a wane awon zafi ƙanƙara ke narkewa? Fomular tana kan kwalina, a jan biro. Na raba 6.01 da 22.0, na samu 0.273, na rubuta Kelvin a gabansa, na ja layi biyu a ƙasa don malam ya gani da kyau. Abin da na ce ke nan ƙanƙara tana narkewa a wurin da ya fi sararin samaniya sanyi, domin shi ma sararin yana da Kelvin 2.7. Da takardar ta dawo, malamin bai gyara mini komai ba. Tambaya ɗaya ya rubuta a gefe, wai ko na taɓa sayen ƙanƙara? Ni da na yi tallarta a unguwa ina yarinya.

Kuskuren fili shi ne na manta kilojul ɗaya jul dubu ne. In kin raba 6010 da 22.0 za ki samu 273, wato sifiri a ma'aunin Salshiyas, abin da kowace mai sayar da sobolo, wato zoɓo, ta sani. Amma wanda ya fi min ciwo daga baya shi ne ban tsaya na dubi amsar na tambaye ta ko tana da hankali ba. A wurina lambobi ne kawai ke shiga fomula suna fita. Ƙanƙarar ba ta cikin kaina ko kaɗan.

Saboda haka ki ajiye maganar kai ya kai iyakarsa. Kan da ya ɗauke izu sittin bai cika da fomula arba'in ba. Ƙanwar Mma kuma ki yi mata godiya, ƙauna ce ta sa ta faɗa, addu'a ma kada ki sake ta. Sai dai ciwon nan na san sunansa, na yi shi, na kuma gan shi a jikin ɗalibaina da suka tafi jami'a, kuma galibi waɗanda suka fi kowa ci a sakandare ya fi kamawa. Tsarin jarrabawarmu yana sakawa mai saurin tunawa. Tun zamanin da marigayiya Farfesa Ewurama Addy ke jefa tambayoyi a gasar kimiyya da lissafi ta talabijin muke tafa wa yaron da ya riga kowa buga ƙararrawa. 'Yan makaranta ma sun raɗa wa abin suna, a tauna a zuba. Ya kai ki inda ya kai ki, ba laifi. Wannan kwas ɗin ne kawai ba ya karɓar irin wannan kuɗin.

Bari in ɗauko misali daga inda kika fi ni sani. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176. Kason da ke cikinsu shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Yaro mai kaifin kai zai haddace su kafin kokonsa ya huce. To a zaunar da shi a tsakar gidan rasuwa, a ce mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, bismillah, raba. Ya ba mata sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi, ya haɗa ya ga 27 cikin 24. Kason ya fi dukiyar yawa. Nan hadda za ta tsaya tana zare ido, sai wanda ya zauna gaban malami ya warware mas'ala bayan mas'ala har ya san aulu, wato rage wa kowane magaji kasonsa daidai gwargwado, da yadda ake yinsa. Kuma ki lura, babu kason da ke tafiya shi kaɗai. Miji rabi yake samu in babu ɗa, rubu'i in akwai. Wanda ya haddace "miji rabi" ya yar da "in babu ɗa" faɗa zai haddasa a dangi.

Kwalinki cike yake da "miji rabi". Kowace fomula a wannan kwas tana da nata "in babu ɗa", kuma shi malaminku yake tambaya. Zafin da ya shiga abu daidai yake da ΔH, canjin entalfi, in matsi bai canza ba. Daidai yake da ΔU, canjin makamashin da ke cikinsa, in an kulle abin a mazubin da ba ya faɗaɗa. Ita kuwa fomular aikin da iska ke yi, w = −nRT ln(V₂/V₁), wadda na tabbata tana kan bangonki, sharaɗi uku take ɗauke da su a ka: iskar ta zama mai bin PV = nRT, awon zafinta bai motsa ba, kuma faɗaɗar ta gudana sannu a hankali ƙwarai yadda za a iya mayar da ita baya taki-taki. Ki cire ɗaya, fomular ta zama ƙarya.

Ɗauki biro ki gwada wannan yau. Mol ɗaya na iska a Kelvin 298, girman wurinta ya ninka biyu, awon zafi bai canza ba. In a hankali ta faɗaɗa, aikin da ta yi kilojul 1.72 ne. In an ɗage mata nauyi lokaci guda ta tura matsin waje wanda ke tsaye daidai da matsinta na ƙarshe, 1.24 ne. In cikin wurin da babu komai ta bazu, sifiri ne, don ba ta tura kowa ba. Mafari ɗaya, maƙura ɗaya, amsa uku. Amma ΔU a duka ukun sifiri ne. Abin da ake nufi ke nan da cewa wasu abubuwa hanya ce ke yanke su, wasu kuma ba ruwansu da hanya. In za ki Accra, ko ki bi ta Nkawkaw ko ki zagaya ta Cape Coast, kuɗin mota da gajiya za su bambanta. Amma gangarowar da kika yi daga tudun Kumasi zuwa bakin teku ɗaya ce. Aiki da zafi kuɗin mota ne. U da H da S da G su ne gangarowar. Ranar da wannan ya zauna mini sai na ga rabin kwalina maimaici ne.

Don haka ki ciro kwalin, amma kada ki yaga shi. A gefen kowace fomula ki rubuta sharaɗinta da Hausa, da bakinki, sannan ki nemo daga wace uwa aka haife ta. Za ki tarar uwayen ba su wuce goma ba: PV = nRT, ΔU = q + w, H = U + PV, ma'anar entirofi, ΔG = ΔH − TΔS, alaƙar ΔG° da K, ta Arrhenius kan saurin haɗuwar sinadarai, da 'yan kaɗan. Sauran 'ya'ya ne da jikoki. Su uwayen ki haddace su yadda kika iya, nan baiwarki za ta yi miki aiki. A takardar tambaya kuma, kafin ki taɓa kalkuleta, ki zagaye kalmomin da ke ɗauke da sharaɗi. Aisotamal, wato T bai canza ba. Adiyabatik, wato zafi bai shiga ba bai fita ba. Ribasibul, wato a hankalin nan da na faɗa. Kalma ɗaya daga cikinsu tana kashe fomula biyar ta bar miki ɗaya.

Akwai wani tarko da ba laifinki ba ne. A fizis na sakandare da littattafan injiniyoyi za ki ga ΔU = q − w, a na kemistiri na yanzu kuma q + w. Dukansu daidai ne. Na farko yana ƙirga aikin da iskar ta yi, na biyu yana ƙirga aikin da aka yi mata. Ki duba wanda malaminku ke bi ki riƙe shi, ki daina haɗa bidiyon YouTube na injiniya da rubutun ajinku a dare ɗaya.

Wani tarkon kuma daga harshenmu yake, kuma ban taɓa jin wani malami ya ambace shi ba, don yawancinsu ba da Hausa suke tunani ba. Mu kalma ɗaya muke da ita, zafi. Ruwa ya yi zafi, wuta tana ba da zafi. A wannan kwas abu biyu ne da ba su ga maciji in an gwama su: q, makamashin da ke ratsawa daga wuri zuwa wuri, da T, awon da ma'auni ke nunawa. Kuma kin fi duk 'yan ajinku damar ganin bambancin, don kullum ƙarfe uku na dare kina tsaye a kansa. Dubi tukunyar Mma. Daga ɗorawa zuwa tafasa, wuta na ba da q, T yana hawa. Da ta tafasa, ki tura ice duk yadda kika ga dama, T zai tsaya kusan 100 bai ƙara ba. Ina zafin ke tafiya? Yana ɓalle ruwa ya mai da shi tururi. Giram 18 na ruwa, mol ɗaya ke nan, kai shi daga digiri 25 zuwa 100 kilojul 5.6 yake ci. Mai da shi tururi bayan nan yana cin 40.7, ya fi ninki bakwai. Shi ya sa Mma ke janye ice da zarar tukunya ta tafasa, ta san ƙarin wutar asara ce ko da ba ta taɓa jin sunan entalfi ba. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi, ɗan abin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafin na ciki. Shi ya sa tukunyar gas ke yin raɓa in an daɗe ana girki da ita da ƙarfi. Duk tambayar da aka ba ki, ki nemo mata tukunya ko randa ko tayar mota kafin ki nemo mata fomula.

Entirofi ne ya fi wahalar da kowa, kuma ina ganin fassarar da ake yi masa ta "rashin tsari" tana ƙara dagula shi. Ki tuna turaren wuta. An sa shi a kasko a lungun ɗaki, bayan minti goma har labule ya ɗauka. Ba ki taɓa ganin ƙamshi ya tattaro kansa ya koma kasko ba. Babu dokar da ta hana ƙwaya ɗaya komawa, sai dai hanyoyin bazuwa sun fi hanyoyin taruwa yawa nesa ba kusa ba, har komawar ta zama abin da ba za a taɓa gani ba. Yawan hanyoyin nan entirofi ke aunawa, abin da S = k ln W ke faɗa ke nan, wadda aka zana a kan kabarin Boltzmann a Biyana. ΔG kuma alƙali ne tsakanin masu ja biyu, ΔH da TΔS. Koma kan ƙanƙarata. A digiri 30, Kelvin 303, TΔS ya kai kusan kilojul 6.67, ya rinjayi 6.01, ΔG ya faɗa ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta narke a hannun mai talla. A cikin firiza, Kelvin 263, TΔS bai wuce 5.79 ba, ΔH ya yi nasara, ta zauna daram.

In kin ji abin yana miki nauyi, ki san nauyin na gaske ne. Carnot ya rubuta nasa a Faransa a 1824, yana ɗaukar zafi kamar wani ruwa ne marar nauyi da ke gangarowa. Sai 1865 Clausius ya raɗa wa entirofi suna a Jamusanci. Gibbs ya kammala babban aikinsa a Amurka a 1878. Abin da ya ci wa irin waɗannan mutane shekara hamsin da 'yan kai, shi ake so ki haɗiye a rabin zango, daga kujerar baya, bayan kin kwana kina wanke wake.

Yanzu lissafin makinki. Kina da 7, kina neman 40, saura 33 cikin 70. Ko rabi bai kai ba. Mako biyar ya isa, in ba a ɓata na farko wajen kuka ba.

Makon farkon nan ki ba lissafi shi, ko da ranki na cewa ɓata lokaci ne. Yawancin waɗanda ke cewa kemistirin ne ya kayar da su, kalkulas ne ya sa musu ƙafa. Kuma abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: dokokin ln da e, intigireshan na xⁿ da na 1/x, yadda ake karanta gangaren miƙaƙƙen layi, da wannan lanƙwasasshen ∂ da ke tsorata mutane, wanda ba ya cewa komai sai "ki riƙe sauran kada su motsa, ki canza ɗaya". In kin iya nuna wa kanki dalilin da ya sa ln ya fito a fomular aiki, cewa dV/V ne aka tara, kin wuce wurin. A babin saurin haɗuwar sinadarai ma shi ne zai sake fitowa, sanye da wata riga.

Bayan nan kullum tambaya biyar, littafi a rufe. Na ce a rufe. Karanta warwarar wani kina gyaɗa kai yana da daɗi, kamar kallon mai tuƙin tuwo ne, sai an miƙo miki muciya za ki san inda gudaji ke fitowa. Pasko ma, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, haka za ki yi da shi: ki sa agogo, ki yi, ki faɗi, sannan ki duba. Masu haddace amsoshin pasko su ne ke fitowa daga ɗakin jarrabawa suna cewa malam mugu ne don ya canza lamba ɗaya. Ki ware ƙaramin littafi na kurakuranki kaɗai, kowane da dalilinsa: na bar Salshiyas ban mai da shi Kelvin ba, na haɗa jul da kilojul, na ɗauki R na 0.0821 inda ake son 8.314, na juya alama. Bayan kwana goma za ki ga kurakurai huɗu ko biyar ne ke ta zagayowa kamar 'yan bashi. Kuma kowace lamba ki rubuta ta da ma'auninta tun daga layin farko har na ƙarshe. Da na yi haka da ban ja layi biyu a ƙarƙashin abin kunya ba.

Ki nemi mutum biyu ko uku, kada su wuce haka, in sun wuce hira ce. Kowa ya tashi ya yi wa sauran bayanin tambaya ɗaya da baki. In akwai mai jin Hausa a cikinsu, ku yi da Hausa. Turanci yana ba mutum wurin ɓuya, sai ka jero kalmomin littafi ka zaci ka gane. Da Hausa ba ka da inda za ka laɓe, ko ka san abin ko bakinka ya tsaya. Sannan ki je wurin mataimakan malamin ko shi kansa a lokacin da ya ware. Kada ki shiga ki ce ban gane komai ba, ba wanda zai san ta inda zai kama. Ki shiga da takardarki ta 7 ɗin nan, ki sa yatsa a layi ki ce, daga nan zuwa nan ne na ɓace. Na san kunya za ta riƙe ki, 'yar Zango mai hijabi a ofishin da ba ta taɓa shiga ba. Ki tafi da ƙawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Canjin kwas kuwa, ban hana ki ba har abada, amma ba yanzu ba, kuma ba saboda wannan ba. Ina za ki gudu? Masu karatun haɗa magunguna suna yin wannan abin da wani suna, ranar lalacewar da ake bugawa a kwalin magani ma da taimakon irin lissafin Arrhenius ake hasashenta, a ajiye maganin a digiri 40 a ga saurin lalacewarsa. Injiniyoyin sinadarai tamodainamiks ɗinsu ya fi naku zurfi. Masu bayokemistiri suna fama da ΔG da saurin aikin enzayim. In kin gama kuma, ko tace ruwan Barekese da Owabi da muke sha a Kumasi ne, ko ciro zinariya daga dutse a Obuasi, ko ɗakin gwaji na hukumar abinci da magunguna, tambayoyin biyu ne dai: abin zai faru, kuma da wane sauri? In zango ya ƙare, kin ci, kika ga har yanzu zuciyarki ba ta wurin, ki je wurin mai ba ɗalibai shawara a sashenku ki ji ƙa'idar canji, ki sake rubuto mini. Wannan magana ce dabam. In ma ƙaddara ta sa kika yi tirel, ana sake rubutawa, waɗanda suka yi suka fita da sakamako mai kyau suna da yawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ƙarfe ukun nan ne. Hadda tana jure rashin barci, shi ya sa kika kai yau ba ki ji a jikinki ba. Warware tambaya ba ta jurewa. Mutumin da ya yi barcin awa huɗu zai iya karanto abin da ya sani, amma ba zai lura an ce adiyabatik ba. Saboda haka Mma za ki fara gaya wa, kuma a wannan makon. Ba a gaban masu saye ba, ki bari sai an kwashe an wanke tukwane ta zauna. Ki faɗa mata lambar yadda take, 7 cikin 30, ki roƙe ta hutun mako biyar, ranakun karatu kawai, Asabar da Lahadi kina nan. A samo wata 'yar'uwa ko yarinyar maƙwabta a riƙa ba ta wani abu. In kun auna kuɗin da na maimaita kwas za ku ga wanda ya fi sauƙi. Uwar da ke tashi tsakar dare don ki yi karatu ba za ta so tukunya ta cinye karatun ba, rashin sani ne ya sa ba ta sallame ki ba tuntuni. Da wannan hutun za ki kama trotron farko ki zauna a layi na uku.

Baba kuma ki gaya masa kafin jarrabawa, kada ki jira sakamako. Kada ki yi ta waya yana kan hanya. Ki bari ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, Mma tana kusa. Mutumin da ke jan babbar mota daga nan zuwa Bawku ya fi ni da ke sanin darajar ƙarar da aka ji da wuri. Ya gwammace yaron mota ya ce masa inji na wani kuka tun suna Techiman, da a yi shiru sai an wuce Tamale ta mutu a daji. Ki ce, Baba, akwai darasi ɗaya da ya ba ni wuya, ga abin da na ci, ga abin da nake nema, ga shirin da na yi, ina son addu'arka. Ki je da matsalar da shirin a hannu ɗaya. Wataƙila ya yi shiru, wataƙila ya yi faɗa na yini guda. Ki jure. Abin da iyaye maza irinsa ba sa yafewa da wuri shi ne su ji a bakin wani. Sunan Dokta kuma ki bar masa kayansa, alfaharinsa ne, da shi yake hawan tudu. Ki dai tabbatar ya san kemistiri kike karantawa ba likitanci ba, in akwai ruɗani a nan gara a warware shi yanzu. Masu kemistiri ma suna zama Dokta, hanyar ce ta fi tsawo.

In kuma ramar nan ta ci gaba, abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙi zuwa ko bayan an sallame ki daga tukunya, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki je ofishin masu ba ɗalibai shawara ko asibitin makaranta.

Ga aikin gida, ki turo mini amsa tare da labarin yadda kuka yi da Mma. Dutsen da ake ƙonawa a samu farar ƙasa da siminti, CaCO₃, rabuwarsa tana da ΔH na kilojul 178 a kowane mol, da ΔS na jul 161 a kowane Kelvin. Daga wane awon zafi zai fara rabuwa da kansa a matsi na ƙa'ida? Ki ba ni shi a Kelvin da Salshiyas, ki kuma faɗa mini da Hausa me ya sa ΔS ya fi sifiri. In kika samu Kelvin ɗaya da ɗigo ɗaya, to lallai ke 'yata ce, sai ki koma ki nemo dubun da kika yar.